Lensin Mamiya na situdiyon Kawu a jikin Sony A7 III: abin da ya yiwu da abin da ya ƙi

Kawuna ƙanin mahaifiyata ya yi shekaru masu yawa yana sana'ar hoto a Kano, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma da dijital ta shigo ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya rufe situdiyon ya kwashe kayan ya zuba a wata akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado. Ni kuma da na taso na kama sana'ar, biki nake ɗauka da suna da walima, da kyamarar Sony A7 III nake aiki. Ranar wata Juma'a naje gaishe shi bayan an sakko daga masallaci yace in jawo akwatin nan, yace ɗana duba ka gani in akwai abin da zai maka amfani ka ɗauka, gara yana hannunka da ya ruɓe a nan. A ciki akwai kyamarar Mamiya RB67 guda ɗaya da lensinta 127mm f/3.8 (lambar mm tsawon lensi ce, ta f kuma buɗewar ƙofar haskensa, ƙaramar lamba ita ce buɗewa mai faɗi), zugazugin jikinta, wato ɓangaren da yake miƙewa ya naɗe a bayan lensi, ya tsage ta gefe, sai kuma Mamiya M645 wadda ta daina motsi gaba ɗaya ko an sa mata sabon batir, ita kuma da lensi uku, 80mm f/1.9 da 45mm f/2.8 da 150mm f/3.5.

Tambaya biyu na fito da su daga gidan nan. Ta farko shin za su ɗauru a kyamarata, ta biyu kuma wadda ta fi damuna, shin in sun ɗauru za su bani irin hotunan nan da ke rataye a bangon ɗakin Kawu, waɗanda mutum yake fitowa a ciki kamar zai yi maka magana, bayansa ya narke amma kuma ana ganin ɗakin da yake tsaye. Amsar ta farko ta zo cikin makonni, ta biyun ce ta ci min kusan rabin shekara.

Na fara da kuskure. Na shiga intanet na nemi adafta, wato abin da yake haɗa lensin wata kyamara da jikin wata, daga Mamiya zuwa Sony, na ga guda mai araha na biya, a tunanina Mamiya ai Mamiya ce. Da ya iso bayan sati kusan huɗu na ɗauko 127mm ɗin nan don shi na fi ƙwallafa rai a kai, Kawu yace da shi ya ɗauki yawancin hotunan bango, sai naga bakin lensin da bakin adaftan ko kama hanyar juna ba su yi ba. Ashe na 645 na saya. Allah ya taimake ni sauran ukun duk suka shiga suka yi ƙas, da kuɗin ya tafi a banza.

Daga nan ne na zauna na fahimci abin da yake hukunta komai a harkar nan, wato tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura lensi da wurin da fim ko sensa, wato abin da yake karɓar hoto a kyamarar dijital, yake zaune. Kowane kamfani da tasa, kuma an ƙera kowane lensi ne ya haɗa hoto daidai a wannan tazarar, ba gaba ba ba baya ba. Ta Sony E milimita 18 ce kawai saboda babu madubi a ciki. Ta Canon EF 44, ta Nikon F 46.5. Su kuwa kyamarorin midiyam fomat, wato masu babban fim irin Mamiyan nan, madubinsu ƙato ne dole a bar masa wurin da zai ɗaga, shi yasa Mamiya 645 take da 63.3, ita kuwa RB67 wajen 112. Toh adaftan da na saya ba komai bane illa bututun ƙarfe marar gilashi ko ɗaya wanda yake cike gibin, ka cire 18 daga 63.3 saura 45.3, tsawonsa kenan. Indai tazarar lensin ta fi ta kyamarar tsawo akwai wurin da za a cike, in kuwa akasin haka ne babu yadda za ka yi ka tura lensin cikin jikin kyamara, sai dai ya riƙa ganin kusa kawai ya kasa kai fokas nesa. Wannan ne yasa lensin midiyam fomat yake hawa kusan kowace ƙaramar kyamara, amma na ƙarama ba ya hawa babba cikin sauƙi.

Da na gane haka sai nace ai shikenan, in nemo bututu mai milimita 94 na RB67 an gama. Na koma wajen Kawu da maganar, ya karɓi lensin ya miƙo min yace juya min fokas in gani. Na juya shi ta ko'ina, babu zoben fokas. Yace to ka gani, wannan ba shi yake tafiya ba, akwatin ce take tafiya da shi. A RB67, wadda ta fito 1970, zugazugin jikin kyamarar ne yake tura lensin gaba da baya in ka murɗa maɓallin gefe, lensin kansa a daskare yake. Sannan shota ɗin ma, wato abin da yake buɗewa ya rufe haske ya shiga in an ɗauki hoto, a cikin lensin take ba a jikin kyamara ba, irin mai ganye-ganyen nan da ke buɗewa daga tsakiya, in ba a ɗana ta ba a rufe take ruf ba hasken da zai wuce, in kuma an ɗana ta buɗe toh ƙofar hasken tana zama a wangale, sai ka danne wani ɗan hannu a gefe kafin ta tsuke zuwa lambar da ka zaɓa. Kenan adaftan RB67 dole ya zo da nasa zoben fokas mai zare a ciki, akwai su ana sayarwa amma sun fi tsada nesa ba kusa ba kuma ga nauyi, ka haɗa da nauyin lensin kansa duk a rataye a bakin ƙaramar kyamara.

Duk da haka raina bai kwanta ba sai da na gwada. Na samo guntayen bututun roba na famfo guda biyu, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, na naɗe cikinsu da baƙin yadi, na ɗora kyamarar a kan tebur na riƙe lensin da hannu ina zuƙo bututun ina turawa har fuskar ƙanwata ta fito a sikirin. Ta fito kuwa, tsaf, da laushi mai daɗi. Amma 127mm ne a f/3.8, kuma ina da lensin Sony da yake yin kusan wannan aikin da fokas na kansa. Na lissafa kuɗin adaftan na lissafa wahalar, na mayar da shi akwati. Wannan hukuncin bai min daɗi ba don shi ne lensin bango, amma har yau ina ganin daidai na yi.

Sai na koma kan 80mm f/1.9, wanda daga baya na gane yana cikin lensin midiyam fomat mafi buɗewar ƙofar haske da aka taɓa yi na kasuwa. Shi lafiyayye ne, fokas ɗinsa a jikinsa, ƙofar haskensa a jikinsa, babu shota a ciki don M645 da ta fito 1975 a jikinta take ɗauke da shota. Ƙananan abubuwa uku suka tsayar da ni ranar farko. Kyamarar ta ƙi ɗauka don a ganinta babu lensi a jikinta tunda ba wata waya da ta haɗa su, sai da na shiga menu na kunna wurin da yake ba ta izinin ɗauka ba tare da lensi ba. Sannan ina juya zoben ƙofar haske daga 1.9 har 22 hasken sikirin bai canza ba, ashe akwai ɗan makunni a gefen lensin mai A da M, a kan A yana jiran kyamararsa ta asali ta taɓa shi kafin ya tsuke, sai ka mayar da shi M sannan zoben zai yi aiki kai tsaye. Na uku, abin hana girgiza da ke jikin A7 III bai san tsawon lensin ba, sai ka gaya masa 80mm da hannunka, in ka canza zuwa 45mm ka manta ba ka sauya ba toh shi da kansa zai riƙa ɓata maka hoto, wannan ya same ni fiye da sau ɗaya.

Da komai ya daidaita na ɗauki hoton farko a tsakar gida, a nan ne gwiwata ta yi sanyi. Hoton yayi kyau amma ba irin na Kawu bane ko kaɗan, ya matse, daga kafaɗa zuwa kai kawai nake samu a inda nake tsammanin rabin jiki da ɗaki a bayansa. Na kai masa ya gani, bai ce komai ba ya sa aka ɗauko masa wata ambulan ta tsoffin nagatif, ya zaro guda na 645 ya ɗaga shi a hasken taga yace nawa ne girman abin da ke cikin taka. Nace milimita 36 da 24. Ya sa na yanka takarda daidai wannan girman na ɗora a tsakiyar nagatif ɗin, wanda shi kuma 56 da 41.5 ne. Wallahi takardar nan ko rabin filin ba ta rufe ba. Yace toh duk abin da ya fito a gefen takardar nan lensin yana kawo shi, kai ne ba ka da kwanon tara shi.

Wannan shi ne gaskiyar lamarin da na so a ce wani ya gaya min tun farko. 80mm ɗin nan 80mm ne a ko'ina aka ɗaura shi, adafta ba ya canza shi. A kan fim ɗin 645 yana ganin fili kamar yadda 50mm yake gani a ful firem, wato sensa mai girman tawa ta 36 da 24, saboda fim ɗin yana da faɗin da zai kwashe gefe da gefe. A kan Sony na kuwa yana gani ne daidai da kowane 80mm, in da a kan ƙaramar sensa irin ta kyamarar Sony a6000 ne ma sai ya koma kamar 120mm. Lensin yana jefa da'irar hoto mai faɗin kusan milimita 70, sensata daga kusurwa zuwa kusurwa 43 ce, tsakiyar kawai nake ɗiba. Abin da ake kira kamannin midiyam fomat, wato fili mai faɗi tare da bayan da ya narke kamar na dogon lensi, daga girman fim ɗin yake fitowa ba daga wani sirri a cikin gilashin ba. Hotunan bangon ma da RB67 aka yi su, nagatif ɗinta wajen 56 da 69, hoto goma kacal a naɗin fim 120 guda, kaga kuwa nisan ya ma fi haka.

Kuma wannan ragowar hasken da ba ya sauka a kan sensa ba ɓacewa yake ba, matsala ya zame min. Na lura duk hoton da na ɗauka akwai taga ko farin sama a gefe sai wani hazo-hazo ya kwanta a tsakiya, baƙi ya koma toka. Na zaci fumfuna ce a gilashi, na haska da tocila ban ga komai ba a 80mm ɗin, 150mm ne yake da ita kamar saƙar gizo a gilashin ciki, shi na ajiye shi daban kar ya zauna da sauran. Da na leƙa cikin adaftan sai naga baƙin fentin cikinsa yana ƙyalli, hasken gefen da'irar yana dukan bangon bututun ya dawo kan sensa. Na samo baƙin karan-miski marar sheƙi na yanka na manna a ciki da kyau yadda zare ba zai zubo ba, na kuma sayo rumfar gaba mai zaren 67mm na ɗaura, hazon ya ragu sosai har na daina lura da shi. Sai kuma fokas da yake wuce nesa, in na juya zoben har ƙarshe hasumiyar masallacin da ke can nesa sai ta dushe, sai na ɗan dawo baya take fitowa. Adaftan ya gaza tsawon da ya kamata da ɗan kaɗan, masu yin na araha da gangan suke rage shi don gudun kar ya yi tsawo fokas ya kasa kaiwa nesa. Na kwance sukurorin bakin na yanka siririn gwangwanin lemo na saka a ƙarƙashi, sau biyu ina gwadawa kafin ya zauna daidai. Ƙura kuwa lokacin hunturu ba a magana, bututun nan fanko ne, duk canza lensi sai na hura sensa.

Gwajin gaske a wajen biki na yi shi, kuma da na san abin da na sani yanzu da ban fara da wajen kamu ba. Mata suna ta shiga da fita, amarya an rufe ta da mayafi ana ja ana dariya, ni kuma ina juya zobe a f/1.9 inda kaurin wurin da yake fitowa tsaf bai wuce faɗin yatsu ba in kana kusa. Layukan kalar nan da Sony take nunawa a kan abin da ya shiga fokas suna ruɗi a wannan buɗewar, suna nuna ya yi alhali gashin ido ne ya fita ido bai fita ba. Yawancin abin da na ɗauka a mintunan nan ban iya ba masu biki ba, Allah yasa na yi saurin mayar da lensina na kullum kafin a wuce wurin da ba a maimaitawa. Haƙƙin mutane ne, ba wurin gwaji bane, tun ranar ban sake ba.

Amma washegari da safe kafin a fita, amarya tana zaune an gama mata ƙunshi, hasken taga yana sauka a gefen fuskarta, nace ta ɗan dakata min. Na zauna na ƙara girman hoton a sikirin na sa fokas a kan ido a nutse. A f/1.9 akwai wani shunayya-shunayya a bakin farin zaren aikin mayafinta inda haske ya buga, da na tsuke zuwa f/2.8 ya tafi kusan duka. Abin da na samu a nan ne yasa ban sayar da lensin ba. Fatar ta fito da laushi ba tare da ta dushe ba, ba ya tono kowane ɗan ƙurji kamar yadda sabbin lensi suke yi har sai ka zauna kana gogewa a kwamfuta, zanen lallen hannunta ya fito, kuma daga inda yake tsaf zuwa inda ya narke a hankali yake tafiya. Kusurwoyin hoton ma ba su yi duhu sosai ba tunda tsakiyar da'irar nake amfani da ita. Ba zan ce ya fi 85mm na zamani kaifi ba, bai fi ba, an yi shi ne don babban fim da ba a buƙatar a ƙara girmansa da yawa. Halinsa ne daban, kuma uwar amarya wannan hoton ta zaɓa aka wanke mata babba.

Na duba hanyoyi biyu na dawo da faɗin da na rasa. Akwai adafta mai gilashi a ciki, Kipon suna yin wani Baveyes mai 0.7, yana tattaro da'irar ya matse ta a kan ful firem, 80mm ya koma 56mm, f/1.9 ya koma wajen f/1.3. A lissafi wannan ne ya fi kusa da abin da Kawu yake gani a M645, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina a lokacin kuma ƙarin gilashi ne a bayan lensin wanda zai sa nasa hannun a hoton. Ɗaya hanyar ita ce Fujifilm GFX, mai sensa wajen 44 da 33 da tazarar 26.7, lensin 645 yana rufe ta har da saura, amma wannan sayen sabuwar kyamara ne sukutum, kuma ita ma ba ta kai girman fim ɗin ba.

Abin da ya buɗe min ido a ƙarshe aron wani adafta ne daga wani abokin sana'a da yake ɗaukar gine-gine, irin wanda yake zamewa gefe ko sama da ƙasa. A nan ne ragowar da'irar nan da ta dame ni da hazo ta zama riba. Na ɗaura 45mm na je gaban wani tsohon gida a cikin gari mai zanen bango da zankwaye, na kafa kyamara a kan ƙafa uku a miƙe ba tare da na ɗaga bakinta sama ba, na zame lensin sama wajen milimita 10, sai ga zankwayen sun shigo kuma bangon yana tsaye cak bai kwanta baya ba kamar yadda yake yi in ka ɗaga kai. Lensin ful firem na yau da kullum ba zai yi wannan ba, da ka zame shi baƙi zai cinye gefe.

Daga nan tunanin ya zo min. In na ɗauki hoto uku, ɗaya a tsakiya, ɗaya na zame milimita 12 sama, ɗaya 12 ƙasa, na haɗe su a kwamfuta, na samu fili mai 36 da 48 kenan, ninki biyu na sensata, megafiksel 24 ya koma wajen 48, kuma ya matso kusa da 41.5 da 56 na fim ɗin. Sharaɗin kawai kada abin da ake ɗauka ya motsa, kuma ya fi kyau lensin ya tsaya wuri ɗaya jikin kyamarar ne zai zame, in ba haka ba abin da ke kusa da na nesa ba sa haɗuwa daidai a wurin ɗinkin. Na ɗauki 80mm na tafi gidan Kawu, nace Kawu so nake ku zauna min a kujerar nan ta bakin ƙofa kada ku motsa har sai na ce. Yace ai mu muka saba gaya wa mutane haka. Ya gyara hularsa ya ɗora hannu a gwiwa, na sa f/2.8, na kulle haske da fokas, na ɗauki ukun cikin ƴan daƙiƙu. Sau huɗu muka maimaita, a na uku ne komai ya haɗu.

Da na wanke shi na kai masa ya daɗe yana kallo, ya matso da shi kusa da ido ya nesanta, ya tashi ya kara shi a bango kusa da nasa. Ga shi zaune daga gwiwa zuwa hula, ƙofar ɗakin da buta da tabarma duk suna nan a bayansa sun narke amma ana gane su. Yace wannan kam idon 645 ne, sai dai ka ba hasken rigar yawa kaɗan, aikin wuyan ya so ya ƙone. Na duba kuwa haka ne, na koma na rage na sake wankewa.

Yanzu 80mm ɗin yana jakata kullum amma sai mutum yana zaune nake fito da shi, 45mm yana jiran in tara kuɗin adafta mai zamewa nawa na kaina don na mayar wa mai shi nasa, 150mm na kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke fumfunar amma ta riga ta ci rufin gilashin ta bar tabo. 127mm yana akwati da ƙunshin abin tsotse danshi a gefensa. Satin da ya wuce Kawu ya kira ni yana tambaya ko na samu wanda zai iya ɗinke zugazugin RB67 ɗin, yace in an gyara in nemo fim 120 ko naɗi biyu ne, shi zai nuna min yadda ake loda shi.